Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Mayar Da Babbar Manhajar Uwar Garke Zuwa Sashen Faifai Mafi Girma

GOMBE — A ranar 29 ga watan Agusta na shekarar 2023, kamfanin ƙera motoci na Toyota ya tsayar da aiki a dukkan masana'antunsa 14 na harhaɗa motoci da ke ƙasar Japan, saboda na'urorin da ke karɓar odar kayayyakin haɗi sun daina aiki. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya bayyana cewa ba harin ɓarayin intanet ba ne, ƙarancin wurin ajiya ne a faifan na'urorin ya haddasa matsalar a lokacin da ake yi wa rumbun bayanai gyare-gyaren da aka saba. Na'urar da aka tanada domin ko-ta-kwana ita ma ta gamu da irin wannan cikas, domin a kan tsari guda take da ta farko. Al'amura ba su daidaita ba sai da aka kwashe bayanan zuwa wata na'ura mai wurin ajiya mafi girma, aka koma aiki washegari.

Abin da ya tsayar da kamfani irin Toyota yana iya tsayar da kantin sayar da magunguna, ko bankin talakawa, ko kamfanin dillancin hatsi a Gombe. Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, birnin ya ci gaba da bunƙasa a matsayin cibiyar ciniki ta arewa maso gabas. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, an kafa hukumar GOGIS domin mayar da takardun filaye cikin kwamfuta, kuma jihar ta zo ta ɗaya a rahoton sauƙaƙa kasuwanci na jihohi a 2021 da 2023. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya ƙara tura 'yan kasuwa ga karɓar kuɗi ta na'ura. Sakamakon haka, lissafin da a da ake rubutawa a babban littafi ya koma cikin kwamfuta, kuma kowace rana yana ƙara nauyi.

Ma'anar Kalmomi

Uwar garke ita ce kwamfutar da sauran kwamfutocin ma'aikata ke dogaro da ita: a cikinta lissafin kaya, da bashin abokan ciniki, da albashin ma'aikata suke. Babbar manhaja kuwa ita ce wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, kamar Windows Server ko ɗaya daga cikin ire-iren Linux irin su Ubuntu da Debian da Red Hat. Faifan ajiya shi ne inda ake adana manhajar da bayanai, kuma akan yanka shi zuwa sassa, kamar yadda ake raba babban sito da bango a fitar da ɗakuna. Kowane sashe yana da iyakarsa. Ɗaki ɗaya yana iya cika maƙil alhali na kusa da shi babu komai a ciki, kuma buhun da ke ƙofar ɗakin farko ba zai tsallaka bango da kansa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa na'ura takan yi kukan rashin wuri duk da cewa faifan yana da sauran fili.

A farkon faifai akwai wani ɗan jadawali da ke nuna inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare. Tsohon tsarin wannan jadawali, mai suna MBR, ya fito ne a 1983. Yana ɗaukar manyan sassa 4 kacal, kuma a kan faifai na yau da kullum ba ya iya amfani da abin da ya haura terabait 2. Sabon tsarin, wato GPT, ya kawar da wannan iyaka, kuma a Windows yana ɗaukar sassa har 128. Sai dai Windows ba ta tashi daga faifan GPT sai na'urar tana aiki da tsarin tayarwa na UEFI. Saboda haka ɗan kasuwar da ya sayo faifai mai terabait 4 ya sanya wa tsohuwar na'ura mai tsarin BIOS, yana iya tarar da cewa kusan rabin kuɗinsa ya tafi a banza.

Alamun Cikar Sashe Da Illarta

Babbar manhaja ba ta zama haka nan. Kowane lokaci tana rubuta rajistar aiki, da fayilolin wucin gadi, da sabbin gyare-gyaren da ake aiko mata. Idan ta rasa inda za ta rubuta, sai abubuwa su fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Rasit ya ƙi fita, sabunta manhaja ya tsaya a tsakiya, ma'aikaci ya kasa shiga da sunansa, daga ƙarshe rumbun bayanai ya rufe kansa. Mafi muni shi ne kwafin ko-ta-kwana da na'ura ke ɗauka da dare ya daina kammaluwa ba tare da kowa ya lura ba.

A Linux, umarnin df -h yana nuna yawan abin da ya cika a kowane sashe, umarnin du kuma yana nuna jakar da ta fi cin wuri. Ya kamata a duba df -i ma, domin sashe yana iya ƙin karɓar sabon fayil idan lambobin rajistar fayiloli sun ƙare, ko da akwai sauran fili. Har ila yau tsarin ext4 yakan keɓe kashi 5 cikin 100 na sashe ga mai kula da na'ura, don haka sashe mai gigabait 100 yakan rufe ƙofa ga sauran manhajoji tun yana wajen 95. A Windows, Disk Management ne ke nuna taswirar sassan faifai.

Kafin a kashe ko kwabo, wajibi ne a tabbatar cewa sashen ne ya yi kaɗan. Sau da yawa tsofaffin rajistoci, da kwafin ajiya na shekaru da aka bari a kan faifai guda, da finafinan da ma'aikata suka zuba, su ne suka cinye wurin. Akwai kuma iyakar da ba ta faifai ba ce: manhajar SQL Server Express, wadda manhajojin lissafi na ƙananan kamfanoni da dama ke hawa a kanta, tana da iyakar gigabait 10 ga kowane rumbun bayanai a fitowarta ta 2022 da waɗanda suka gabace ta kusa-kusa. Wanda ya ci karo da wannan iyaka, sabon faifai ba zai amfane shi ba.

Lissafin Girman Da Ake Bukata

A ɗauka cewa wani kamfanin dillancin masara da wake da ke hulɗa da kasuwar Tudun Hatsi yana da sashe mai gigabait 100, an cinye 82, kuma bayanai suna ƙaruwa da gigabait 3 a kowane wata. Cikin wata 6 sashen zai cika. In ana son sabon wuri ya kai shekara 3, sai a ninka 3 sau 36, a sami 108, a haɗa da 82, ya zama 190. Tun da yake ba a son abin da aka cinye ya wuce kashi 70 cikin 100, sai a raba 190 da 0.7, a sami kimanin 271. Ke nan sashe mai gigabait 300 ya wadatar. A kuma tuna cewa masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024, shi ya sa faifan da aka rubuta wa terabait 1 yakan bayyana a matsayin gigabait 931. Wannan ba ha'incin mai kanti ba ne.

Hanyoyi Huɗu

Hanya ta farko ita ce faɗaɗa sashen a inda yake. Tana yiwuwa idan akwai fili marar komai da ke manne da ƙarshen sashen. A Windows ana amfani da Extend Volume, amma sau da yawa ƙaramin sashen farfaɗowa yakan tsaya a tsakani ya hana. A Linux ana faɗaɗa iyakar sashen da growpart ko parted, sannan a faɗaɗa tsarin fayilolin da resize2fs in ext4 ne, ko xfs_growfs in XFS ne. Mataki biyu ne dabam. Wanda ya yi na farko ya manta na biyu zai ga kamar ba a yi komai ba. Idan an kafa na'urar a kan LVM, wanda aka fara rubutawa domin Linux a 1998, aikin ya fi sauƙi, domin ana iya ƙara sabon faifai cikin rukuni, a faɗaɗa da lvextend, na'ura tana kan aiki. Ya kamata a san cewa ba a saba rage girman XFS ba bayan an faɗaɗa shi, don haka a yi lissafi tun da wuri.

Hanya ta biyu ita ce kwafe tsohon faifai ɗungurungum zuwa sabo, da manhaja irin Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan, sannan a faɗaɗa sashen a kan sabon. Ita ce ta fi dacewa da Windows, domin Windows ba ta yarda a kwashe ta fayil-fayil kamar kayan ɗaki.

Hanya ta uku ita ce yanka sabon sashe, a kwashe fayiloli zuwa cikinsa, a gyara manhajar tayarwa. Ita ce aka fi bi a Linux, kuma tana ba da damar sauya tsarin sassan baki ɗaya.

Hanya ta huɗu ita ce barin babbar manhaja a inda take, a kwashe rumbun bayanai da takardu kawai zuwa sabon faifai. Ita ce mafi ƙarancin haɗari, kuma tana da fa'ida mai ɗorewa: idan bayanai suka cika sashensu nan gaba, babbar manhaja ba za ta faɗi tare da su ba.

Shiri Kafin A Taɓa Komai

Abu na farko shi ne kwafin ko-ta-kwana, kuma kwafin da ba a gwada dawo da shi ba, ba a ƙirga shi. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 na rumbun bayanai bisa kuskure, yana zaton a kan na'ura ta biyu yake aiki. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar da aka tanada, sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin awa 6. Ƙa'idar da masana suka fi ambata ita ce kwafi 3, a kan nau'in ma'aji 2, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Ga mai shago a cikin kasuwa, inda gobara ba baƙuwa ba ce, wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki. Gombe tana cikin yankin kamfanin rarraba wuta na Jos, tare da Bauchi da Filato da Binuwai, kuma babu mai tabbacin cewa wuta za ta kai ƙarshen aiki. Ɗaukewar wuta a lokacin da ake kwafi zuwa sabon faifai ɓata lokaci ne kawai, amma ɗaukewarta a lokacin da ake matsar da farkon sashe a kan faifai guda tana iya lalata komai. Don haka a cika janareto da mai, a gwada batirin UPS ko na inbata, a kuma yi aikin a ɗaki mai sanyi, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi kan kai digiri 40.

Abu na uku shi ne zaɓen lokaci. Kwafin gigabait 500 a gudun megabait 100 cikin daƙiƙa yana ɗaukar kusan awa ɗaya da rabi, amma ta tsohuwar kafar USB 2.0 yana iya wuce awa 4 da rabi, kuma ƙananan fayiloli masu yawa suna ƙara jinkiri. Bai kamata a yi aikin a ƙarshen wata lokacin biyan albashi ba, ko a tsakiyar kaka lokacin da motocin hatsi ke layi, ko a makon jajiberin salla.

Abu na huɗu shi ne rubuta yadda na'urar take kafin a fara: sunayen sassa da girmansu, lambar kowane faifai, tsarin tayarwa, lambobin lasisin manhajoji, da makullin farfaɗowa na BitLocker idan an kulle faifan da shi. Wasu manhajojin lissafi suna ɗaure lasisinsu da faifan da aka ɗora su a kai, don haka a tuntuɓi mai sayar da su tun kafin ranar. In kuma faifai na hannu aka sayo, a duba rahotonsa na SMART, wanda ke nuna awannin da ya yi yana aiki da adadin wuraren da suka lalace a cikinsa.

Matakan Ƙaura A Linux

Da farko a sanya sabon faifai, a tabbatar da shi ta girmansa da lambarsa ta umarnin lsblk. Sunaye irin sda da sdb suna iya sauyawa daga tashi zuwa tashi, kuma wanda ya juya mafari da makoma a umarnin dd zai shafe tsohon faifai da fanko, babu tambaya babu gargaɗi.

Na biyu, a yanka sassa. Na'ura mai UEFI tana bukatar ƙaramin sashe na FAT32 domin fayilolin tayarwa. Mai BIOS da za ta tashi daga GPT tana bukatar ɗan sashe na megabait 1 domin manhajar GRUB. Sai a tsara babban sashen da ext4 ko XFS.

Na uku, a kwashe fayiloli da rsync, manhajar da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, tare da zaɓin -aAXH domin izini da mallaka da mahaɗan fayiloli su tafi yadda suke. Ba a kwashe abin da ke cikin /proc da /sys da /dev da /run, domin na'ura ce ke samar da su duk lokacin da ta tashi. Hikimar rsync ita ce ana iya yin zagaye na farko kasuwanci yana gudana, sannan a rufe rumbun bayanai da sauran manhajoji, a yi zagaye na biyu wanda zai ɗauki abin da ya sauya kawai. Ta haka lokacin rufe shago yakan ragu ƙwarai. Kwafin rumbun bayanai da aka ɗauka yana buɗe ba abin dogaro ba ne.

Na huɗu, a gyara fayil ɗin /etc/fstab na sabon sashe. Kowane sashe yana da lambar shaida mai suna UUID, wadda umarnin blkid ke nunawa, kuma sabon sashe yana da sabuwar lamba. In ba a sauya ba, na'ura za ta ci gaba da neman tsohon gida.

Na biyar, a shiga sabon tsarin ta chroot, a ɗora GRUB a kan sabon faifai, a sabunta jerin zaɓinsa da kuma ƙaramin tsarin farko da ake kira initramfs. Yawancin ƙaurar da ke ƙarewa da baƙin allo a nan suke tuntuɓe.

Na shida, a kashe na'ura, a cire tsohon faifai, a tayar da ita daga sabon kaɗai. Wannan ya fi zama wajibi ga wanda ya bi hanyar kwafi ɗungurungum, domin a nan faifan biyu suna ɗauke da lambar shaida iri ɗaya, na'ura tana iya tashi daga tsohon, ma'aikata su yi ta shigar da ciniki a inda ba a nufa ba. A Windows, idan sabon faifai ya ƙi tashi, umarnin bcdboot ne ke sake gina fayilolin tayarwa, kuma tun 2017 akwai mbr2gpt mai sauya jadawali daga MBR zuwa GPT ba tare da goge bayanai ba.

Gwaji Da Abin Da Ke Biyo Baya

Tashin na'ura ba shi ne ƙarshen aiki ba. Akawu ya kamata ya fitar da jimillar kaya, da jimillar bashi, da lambar rasit na ƙarshe kafin ƙaura, ya sake fitar da su bayanta, a gwama. Sai a buga rasit na gwaji daga kowace kwamfuta, a kuma tabbatar washegari cewa kwafin dare ya kammalu. Tsohon faifai kuwa a rubuta masa kwanan wata, a kulle shi a wuri mai tsaro na aƙalla wata guda, domin shi ne hanyar komawa baya.

Doka ma tana da ta cewa a nan. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani adana bayanan lissafinsa na shekara 6. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗauki ɓata ko fallasar bayanan mutane a matsayin keta, kuma ta bukaci a sanar da hukumar da abin ya shafa cikin awa 72 idan akwai yiwuwar cutarwa ga masu bayanan. Saboda haka ba a sayar da tsohon faifai ko a ba yaron shago kyauta sai an shafe shi shafewa ta gaskiya, ko an farfasa shi. Goge fayil na yau da kullum ba ya kawar da abin da ke ciki.

Haka kuma lokacin ƙaura dama ce ta duba shekarun babbar manhajar kanta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows Server 2012 R2 a ranar 10 ga Oktoba, 2023, CentOS 7 kuma ya kai ƙarshen wa'adinsa a ranar 30 ga Yuni, 2024. Wanda har yanzu yake kan ɗayansu, gara ya ɗora sabuwar manhaja a kan sabon faifai ya kwaso bayanansa, da ya kai tsohuwar matsala sabon ɗaki.

Hakkin Mai Kamfani

Ba a bukatar mai kamfani ya iya rubuta waɗannan umarni da hannunsa, amma akwai tambayoyin da shi kaɗai zai iya tilasta a amsa. Kafin ya ba injiniya izini, ya nemi a rubuta masa hanyar da za a bi daga cikin huɗun nan da dalilin zaɓenta, da awannin da za a rufe aiki, da inda kwafin ko-ta-kwana yake da ranar da aka gwada shi, da kuma matakin da za a ɗauka in sabon faifai ya ƙi tashi. Ya tabbatar kalmomin sirri da lasisi suna hannun kamfani, ba a wayar mutum ɗaya ba. Kada a biya cikon kuɗin aiki sai akawu ya sa hannu cewa lissafi ya daidaita.

Daga nan sai a sanya wa wani ma'aikaci alhakin duba ma'aunin faifai a ranar farko ta kowane wata, ya rubuta adadin a littafi. Idan ya kai kashi 70 cikin 100 a fara shiri, idan ya kai 80 a tsayar da ranar aiki.